Takardar da Aka Juya Sau Biyu

Ranar ita ce zuwanmu na uku ɗakin hoton ciki, kuma tun a gida maiɗakina ta gaya mini shi ne na ƙarshe.

"Ka ji ni da kyau, Malam," in ji ta, tana ɗaura ɗankwali. "In yau ma ba a yi ba, na gama. Abin da ke cikina ya zauna inda yake, ni ma in zauna inda nake."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Na san muryarta ta barazana, na san ta gaske. Wannan ta gaske ce.

Jini ne ya dawo mata bayan shekara goma sha huɗu da ɗaukewarsa. Wata biyu tana ɓoye mini, sai da 'yarmu ta gani a wanki. Likitar mata ta duba ta, ta rubuta takarda ta ce a je a ɗauki hoton mahaifa da na'urar nan da ake kira sikanin, a kawo mata sakamako. Hoton ranar Talata ake ɗauka, likitar kuma ranar Laraba kawai take zama. Mun riga mun rasa Laraba biyu. Gobe ce ta uku, kuma an ce bayan goben likitar za ta tafi hutu na sati shida.

Zuwan farko babu wanda ya gaya mana maganar ruwa. Sai da ta jira awa huɗu, ta hau gado ta kwaye mara, sannan mai hoto ta ce mafitsara babu komai a ciki, kuma ba a ganin mahaifa sai mafitsara ta cika. Zuwa na biyu ta sha ruwan, ta riƙe shi har ta fara gumi a hanci. Da abin ya fi ƙarfinta ta shiga banɗaki. Fitowarta ke da wuya aka kira sunanta. Aka ce ta sake sha ta jira, kafin ruwan ya sauka kuwa an rufe ɗakin.

Ni a zuwa na biyun nan na tambayi mai share wurin yadda na'urar take aiki. Ya ce wani sauti take turawa cikin jiki, siriri har kunne ba ya jin sa, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, shi ne yake zama hoto. Ruwan mafitsara kuma shi ne tagar da sautin yake bi. Ya ce an gaya masa jemagu ma haka suke ganin hanya. Sati guda maganar nan tana yawo a kaina. Ina zaune a teburin aikina da agogon mutane a buɗe a gabana, ina ta tunanin ko jemage yana ganin hanjin ɗan'uwansa.

"Ni ina fama da marata, kai kana fama da jemagu," in ji ta da na gaya mata. Daga ranar ban sake ɗaga zancen ba.

To yau ƙarfe bakwai saura kwata muna kan benci, mu kaɗai, ko fitilar barandar ba a kashe ba. Wurin doguwar baranda ce mai benci biyu. A hannun hagu akwai taga mai ƙarafa inda ake ba da takarda. A hannun dama akwai ƙofar ɗakin hoto. Tsakanin ofishin taga da ɗakin hoto bango ɗaya ne, kuma an fasa masa wata 'yar kafa mai murfin katako, ta nan takardu suke wucewa.

Mai taga ya zo ƙarfe bakwai. Dattijo ne mai tabarau, rigarsa a goge, biro uku a aljihu. Na miƙa masa takardarmu. Ƙa'idar wurin kowa ya ninke tasa biyu don kada wani ya karanta ciwon wani. Tamu tana da tabon babban yatsana a gefe, na man agogo, tun ranar da aka ba mu ita.

"Ku ne na farko, Baba," in ji shi, ya ajiye ta a cikin faranti.

Maiɗakina ta buɗe gorar ruwa ta fara sha. An ce lita ɗaya da rabi, awa guda kafin a kira mutum. Tana sha tana hararar gorar.

Mutane suka yi ta zuwa, kowa ya miƙa tasa, mai taga yana ɗorawa a kan tamu. Wata yarinya mai tsohon ciki ta zauna kusa da maiɗakina ta gaishe ta.

"Mama, ke ma ƙanen namu za a duba?"

"Ƙanen ubanki," in ji maiɗakina. Suka yi dariya su biyu, sai maiɗakina ta dafe mara ta ce, "Kada ki sake ba ni dariya, 'yar nan, yau dariya ba ta da kyau gare ni."

Ƙarfe takwas daidai mai taga ya ɗauki takardun gaba ɗaya, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya kifa su. Ta ƙasa ta koma sama. Na hango tabon yatsana a kai. Ya buɗe murfin katako ya tura su ciki.

"Kin gani," na ce mata, "wannan mutumin ya san aikinsa. Mu ne a sama."

Ƙofa ta buɗe. Mai kiran suna ta leƙo, wata gajeriyar mace mai farin takalmi da murya kamar ta mai talla. Maiɗakina har ta fara tattara mayafinta. Sunan da aka kira na wata mata ce mai koren gyale wadda ta shigo takwas saura minti biyar, ko numfashinta bai gama daidaita ba.

Na ce wataƙila ta gaggawa ce. Aka kira na biyu, wani mai ƙaton tumbi da ya zo gab da ita. Aka kira na uku. Kowane mutum minti goma zuwa sha biyar yake yi a ciki, ina kallon agogona.

Na tashi na je taga.

"Malam, ka ce mu ne na farko."

"Ku ne. Da hannuna na juya su, ka gani ai."

"To me ya sa ake kiran waɗanda suka zo bayanmu?"

"Wannan kuma aikin ciki ne, Baba. Nawa ya tsaya a bangon nan."

Da ƙofa ta sake buɗewa na tare mai kiran suna.

"'Yata, tsohuwar can tun bakwai ta sha ruwa."

"Duk wanda ke nan ruwa ya sha, Baba. Ni layi nake bi, ba na tsallake kowa. Shekara tara ina nan, ba a taɓa kama ni da son kai ba. Ka zauna."

Ta rufe ƙofa a fuskata.

Na koma. Maiɗakina ta daina magana. Ta haɗa gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai, hannayenta biyu a kan bencin tana danna shi. Yarinyar mai ciki tana yi mata fifita da katin asibiti. Matar nan ta haifa mini 'ya'ya shida, biyu daga ciki ita kaɗai a ɗaki, ban taɓa jin ta yi kuka ba. Yau ga ta a gaban baƙi tana kokawa da fitsari kamar 'yar yaye.

"Ƙarfe nawa?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Tara saura biyar."

"Kai da agogonka."

Na kasa zama kusa da ita. Na koma can ƙarshen benci, jikin ƙofar ɗakin hoto. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, ƙarfen da ke riƙe ta na sama ya lanƙwashe, tana barin tsaga kamar faɗin yatsa biyu. Ba zan yi ƙarya ba, allon na'urar nake son hangowa. Amma ta tsagar ba a ganin allo, an ja labule. Abin da ake gani teburin mai kiran suna ne, da murfin katakon nan ta ciki.

Ƙarfe tara murfin ya buɗe, kashi na biyu na takardu ya shigo. Na leƙa hagu, mai taga yana goge hannu, ya gama kifa su kamar yadda ya yi ɗazu. Na leƙa ta tsaga. Mai kiran suna ta ɗauki takardun, ta daidaita gefensu a kan tebur, ta kifa su. Sannan ta ɗora su a kan ragowar na farko.

Na ci gaba da kallo. Takarda ninkakkiya ba ta da gaba ba ta da baya, yadda duk aka juya ta fara ce. Shi ya juya don na farko ya hau sama. Ita ta juya don na farko ya hau sama. Juyi biyu, na farko ya koma ƙasa inda ya fito. Yanzu kuma an ɗora masa wasu goma sha biyar a kai. A can ƙarƙashin tarin, jikin katakon tebur, gefen wata takarda ya ɗan leƙo da tabon mai.

Talata uku ke nan muna sammako don mu zama na ƙarshe.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba.

"Ke, fito nan."

"Baba, nan ɗakin mata ne a kwance, ka..."

"Ban shiga ba, a bakin ƙofa nake. Fito, ki zo da takardun nan. Kai kuma mai tabarau, zagayo."

Muryata ba ta da ƙarfi a kullum, aikina na shiru ne. Amma ranar barandar ta amsa. Duk masu jira suka ɗago kai. Mai taga ya zagayo yana gyara biro, mai kiran suna ta fito da hannu a ƙugu. Na lura ba su kalli juna ba.

Na karɓi katin asibiti uku a hannun mutane. Na ɗora su ɗaya bisa ɗaya a tafin hannuna.

"Wannan na ƙasa shi ya zo da asuba. Kai me kake yi in sun taru?"

"Juyawa nake, don adalci," in ji mai taga.

Na kifa katunan. "Ya hau sama. Ke kuma in sun shigo miki?"

"Juyawa nake, don..." Ta tsaya.

Na sake kifa su, na ɗaga na saman kowa ya gani. Wani dattijo a benci na biyu, wanda ya zo bayanmu da minti kaɗan, ya ce, "Wato shi ya sa." Surutu ya tashi. Wata mata ta ce ita zuwanta na huɗu ke nan.

Na ɗauka za su ji kunya. Na ɗauka ɗayansu zai ce a yi haƙuri, a kira tsohuwa.

"Wa ya ce ka riƙa juyawa?" in ji mai kiran suna, karo na farko da ta dube shi. "Wanda ka gada bai taɓa juyawa ba. Ni nake juyawa a wurin nan, shekara tara."

"Inda na fito mai karɓa ne yake juyawa. Haka tsari yake."

"To ka koma inda ka fito. Wata uku da zuwanka ka birkita mana wuri."

"Da kina amsa gaisuwa da tuni kin sani."

"In amsa gaisuwar wanda ya ɗauke mini fanka?"

"Fankar ta ofis ce, an rubuta a jikinta."

"Ku saurara," na ce. "Ɗayanku ya daina, shi ke nan. Ko kai ko ke. Ba ya buƙatar taro."

"Shi zai daina."

"Ita za ta daina. Ni a rubuce aka ba ni aikina."

"Matata tana can za ta fashe, kuna maganar fanka."

Ko kallona ba su yi ba. Na shiga tsakaninsu da katunan ina sake nunawa, ina cewa abin kamar faranti biyu ne masu haƙora a cikin agogo, in ɗaya ya warware abin da ɗayan ya yi... Kati ɗaya ya faɗi. Mai katin ya ce in ba shi abinsa.

Sai na ji an dafa kafaɗata an ture ni gefe.

Maiɗakina ce. Tana tafiya da ƙananan taku, gwiwa manne da gwiwa, kanta a ɗage. Ta bi ta tsakanin mai taga da mai kiran suna kamar ba ta ga kowa ba. Daidai lokacin wadda ke cikin ɗakin ta fito tana gyara zane. Maiɗakina ta shige, ta ɗage labule. Na fizge takardun daga hannun mai kiran suna, na zaro ta ƙasa, na mayar mata da sauran, na bi bayanta.

Ɗakin da duhu-duhu, da sanyi. Mai hoto wata matashiya ce siririya da safar hannu, tana goge kan na'urar. Ta juyo ta tarar da tsohuwa a kwance a gadonta.

"Mama, an kira ki?"

"Ba a kira ni ba, 'yata. Ko ki ɗauka yanzu, ko ki aika a kira mai goge ƙasa. Zaɓi ɗaya."

Na miƙa mata takardar. Ta buɗe ta karanta, ta dubi ranar da ke jiki, ta dubi maiɗakina.

"Tun sati biyu da suka wuce ya kamata a yi wannan."

"Gaya wa na waje," na ce.

Ta ce in fita. Maiɗakina ta ce a bar ni, in na fita zan koma in ci gaba da wa'azi. Na tsaya a gefen kanta.

Mai hoto ta matsa mata wani mai mai kauri a mara. Maiɗakina ta ja numfashi don sanyinsa. Aka ɗora kan na'urar, wani abu kamar ƙaramin dutsen guga, aka danna. Ta kama hannuna ta matse har ƙashi.

"Ta cika da yawa, Mama. Da za ki je ki rage kaɗan ki dawo..."

"In rage kaɗan? Famfo ne? In na sauka daga gadon nan ba ni ba dawowa. Yi da abin da kika samu."

Yarinyar ta yi ɗan murmushi ta ci gaba.

Na ga allon. Wani baƙin tafki ne babba, baƙi wuluk, gefensa sumul. A ƙarƙashinsa toka-toka kamar hadari yana motsi duk lokacin da ta motsa hannu. Sati guda ina mafarkin ganin wannan abu, ga shi a gabana, amma ban ji daɗin komai ba. Cikin matata ne. Nan 'ya'yana shida suka kwana.

Da farko mai hoto tana ɗan hira, tana tambayar jikoki nawa. Can sai ta yi shiru. Ta tsayar da hoton, ta sa wata 'yar alama a nan, wata a can, layi ya haɗa su. Ta goge, ta karkata hannu, ta sake aunawa. Na san wannan shirun. Ni ma ina yin sa in na buɗe bayan agogo mai shi yana tsaye a kaina, na ga abin da ban so gani ba.

"Me kika gani, 'yata?"

"Likita ce za ta yi muku bayani, Baba. Ni aunawa ce tawa."

"Sau biyu kika auna."

Ta danna wani maɓalli, na'urar ta turo hotuna uku a siririyar takarda mai sheƙi. Ta miƙa wa maiɗakina takardar goge jiki.

"An gama, Mama. Banɗaki yana ƙofa ta biyu."

Ban taɓa ganin ta tashi daga kwance da sauri haka ba tun tana amarya.

Mai hoto ta zauna ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta sa a ambulan tare da hotunan, ta liƙe. Da za ta ba ni sai ta riƙe gefensa, ba ta saki ba.

"Yaushe za ku ga likita?"

"Gobe. In ta yarda ta je."

"Ta je, Baba. Kada ku bari ya wuce gobe."

Na fito baranda da ambulan a hannu. Su biyun suna nan inda na bar su, yanzu an kai ga maganar wanda ya fi daɗewa a aikin gwamnati. Takardun suna hannun mai kiran suna, ba wanda ya san ta ina za a fara. Dattijon da ya zo bayanmu ya miƙe yana rangaji, ya nufi banɗakin maza. Na bi shi da ido. Na san abin da zai faru da shi, za a ce ya sake sha ya jira.

Na so in fasa wani abu. Na dubi tagar, na dubi murfin katakon, na dubi tabarau ɗin mutumin. Babu ɓarawo a cikinsu, babu mugu. Kowannensu yana tashi da safe ya zo ya yi adalcinsa, sannan ya koma gida ya yi barci mai daɗi. Abin da yarinyar can ta auna sau biyu kuwa bai tsaya jiran kowa ba, kwana goma sha huɗu aka ƙara masa kyauta.

Maiɗakina ta fito tana yarfe ruwa daga hannunta. Fuskarta ta saki, amma idonta bai saki ba. Yarinyar mai ciki ta ce, "Mama, an sauke?" Maiɗakina ta shafa kan yarinyar kawai ta wuce. Sai da muka fita ƙofar asibitin, muka tsaya a inuwa muna jiran mota, sannan ta yi magana.

"Na ga fuskar yarinyar nan, Malam. Kai allo kake kallo, ni ita nake kallo."

Na ce, "Ba ta ce komai ba tukuna."

"Ban ce ta ce ba."

Ta zare ambulan ɗin daga hannuna, ta juya shi, ta shafa bakinsa inda aka liƙe. Na zaci yaga shi za ta yi. Ta buɗe jakarta ta sa shi can ƙasa, ta ja zif.

"Sati biyu suka ci mini," in ji ta. "Ba zan ƙara musu da shida ba. Ƙarfe nawa likitar take farawa?"

"Takwas."

"Ka kira 'yarka ka ce ta zo ta raka mu. Ita ta iya tambaya. Kai in an fara bayani sai ka tsaya kallon na'ura."